Ranar Da Sitiyari Ya Mutu A Sararin Samaniya

 Abin da ya jawo maganar wannan wata shi ne wata hira da muka yi da wani abokina, tsohon direban babbar mota, wanda ya daɗe yana bin hanyar Ngaundere zuwa Garwa. Duk wanda ya san wannan hanya ya san gangaren nan da ake tararwa bayan an baro Ngaundere, inda direba ba ya wasa da birki. Muna cikin shan shayi sai ya ce da ni, "Malam, mu idan birki ya tsinke mana a gangare muna da giya, in ta ƙi mu goga mota a jikin dutse. To su direbobin jirgin sama fa, in sitiyari ya ƙi aiki, ina za su raɓa?" Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida sai na ga ai tambayar ba ta dariya ba ce, domin kuwa abin ya taɓa faruwa, ba sau ɗaya ba.

Kafin mu shiga labarin, bari mu fahimci yadda ake juya jirgi. A gaban kyaftin da mataimakinsa akwai sitiyari ɗai-ɗai. Ana murɗa shi hagu ko dama, ana kuma jawo shi zuwa ƙirji ko a tura shi gaba. A bayan fukafukai da kuma a wutsiyar jirgin akwai wasu ƙyamare masu motsi. Idan aka murɗa sitiyari, ƙyauren wannan fiffike ya ɗaga, na wancan ya sauka, sai jirgi ya karkata. Idan aka jawo shi, ƙyamaren wutsiya su ɗaga hancin jirgi sama, in aka tura su sunkuyar da shi. A ƙaramin jirgi wayoyin ƙarfe ne ke haɗa sitiyari da ƙyamaren, ƙarfin damtsen matuƙi ke ja. Amma a babban jirgi iskar da ke bugun ƙyamaren ta fi ƙarfin ɗan Adam, saboda haka ake amfani da wani mai da ake matsawa cikin bututu, ɗan'uwan man birkin mota, wanda ake kira haidurolik. Matuƙi umarni kawai yake bayarwa, man ke yin aikin. Ranar da man nan ya tsiyaye kuwa, sitiyari ya zama kayan ado.

Masu ƙera jirage sun san da haka, shi ya sa ba su dogara da layin mai ɗaya. Jirgin da ake kira DC-10, mai inji uku, biyu a ƙarƙashin fukafukai ɗaya a wutsiya, layi uku gare shi, kowane da famfonsa. In ɗaya ya fashe biyu su riƙe, in biyu suka fashe ɗaya ya isa a sauka. An yi lissafi an ce da wuya ƙwarai ukun su mutu a lokaci guda, don haka a cikin littafin da matuƙa ke buɗewa idan matsala ta taso babu shafin da ya faɗi abin da za a yi in hakan ta auku. Abin da lissafin bai kula da shi ba shi ne, duka layukan uku sun bi ta wuri guda a cikin wutsiya, dab da injin na baya.

Ran 19 ga Yuli, 1989, wani DC-10 na kamfanin United Airlines, mai lamba 232, ya tashi daga birnin Denba na Amurka zuwa Shikago da mutum 296 a ciki. Kyaftin ɗinsa Al Haynes ne, ɗan shekara 57, wanda ya yi kusan awa 30,000 yana tuƙi. Mataimakinsa William Records, injiniyan jirgin kuma Dudley Dvorak. Sun yi awa ɗaya da 'yan mintoci a sama, suna ƙafa 37,000, watau sama da kilomita 11 daga ƙasa, ana raba wa fasinjoji abincin rana, sai aka ji wata irin ƙara daga baya, jirgin duka ya girgiza. Faifan ƙarfen da ke riƙe da farfelar injin wutsiya ne ya tarwatse. Daga baya bincike ya nuna tun ranar da aka narka ƙarfen, shekara 18 kafin nan, akwai wani ɗan aibi a cikinsa, daga nan tsaga ta fara, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, masu duba inji ba su gan ta ba. Ɓaraguzan suka fita kamar harsashi suka yayyanka bututun mai. Cikin ɗan lokaci layukan nan uku suka bushe.

Da farko matuƙan sun ɗauka inji ɗaya kawai suka rasa, wanda ba wani abin tashin hankali ba ne, domin jirgin yana iya tafiya da biyu. Suna cikin kashe shi sai Records ya ce jirgi ba ya jin sitiyari. Haynes ya duba ya ga mataimakinsa ya murɗe sitiyari hagu har ƙarshe, ya kuma jawo shi har ƙirji, alhali jirgin sai ƙara karkata yake yi dama, hanci yana sunkuyawa. Da an ƙara 'yan daƙiƙoƙi da ya kife rigingine, daga nan kuwa babu sauran labari. Sai Haynes ya kai hannu kan totur, ya rage wa injin hagu wuta gaba ɗaya, ya ƙure na dama. Sannu a hankali fiffiken dama ya taso, jirgi ya daidaita.

Duk wanda ya taɓa tuƙa kwalekwale ya san sirrin. In ka yi ta zuba filafili ta gefe ɗaya, kwalekwale zai juya ɗaya gefen. Haka in injin dama ya fi na hagu ƙarfi, jirgi zai juya hagu, fiffiken dama ya ɗaga. In aka ƙara wa biyun wuta tare hanci ya tashi, in aka rage ya sunkuya. Wannan ita ce giyar da abokina yake tambaya. Sai dai giya ce mai nawa, domin injin jirgi ba ya amsawa nan take, sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ƙarfin ya zo. Ga kuma wata matsalar. Jirgin da ba a riƙe wutsiyarsa ba yakan shiga wani irin lilo: ya sunkuya ya ƙara gudu, gudun ya ɗaga shi sama, ya hau har gudun ya ragu, ya sake sunkuyawa, kowane zagaye wajen minti ɗaya, kuma kowane zagaye yana ƙara kusantar ƙasa. Maganin lilon ya saɓa wa hankali. Lokacin da hanci ya fara yin ƙasa, gudu na ƙaruwa, a nan ne za ka ƙara wuta, lokacin da ya fara hawa kuma ka rage. Dole ka riga jirgin sanin abin da zai yi.

Suka kira injiniyoyin kamfanin da ke San Faransisko ta rediyo, aka taru aka buɗe littattafai, babu wanda ke da abin faɗa musu. Wasu ma sun daɗe ba su yarda cewa layi ukun ne suka tafi ba.

To, a cikin fasinjoji akwai wani mai suna Dennis Fitch, kyaftin ne na kamfanin, kuma malami mai koyar da tuƙin irin wannan jirgi, yana kan hanyarsa ta komawa gida. Ya aika wa Haynes ta bakin ma'aikaciyar jirgi cewa in ana bukatarsa ga shi. A nan ne, a ganina, aka yi abin da ya ceci mutane. Haynes bai san shi ba. Wani kyaftin ɗin da cewa zai yi a gaya masa ya zauna a kujerarsa, jirgi yana da mai shi. Haynes ya ce a shigo da shi. Ya fara tura shi ya leƙa ta taga ya ga ko ƙyamaren fukafukai suna motsi, ya dawo ya ce ko alama. Sai ya danƙa masa totur ɗin biyu. Fitch ya tsaya tsakanin kujerun matuƙan, hannu ɗaya a kan kowane totur, idonsa a kan agogunan jirgi, su kuma suna gaya masa abin da suke so: ɗaga wannan fiffike, rage, ƙara. Dvorak yana kan rediyo da lissafin mai. Wani abin mamaki, Haynes da Records ba su saki sitiyarinsu ba har ƙarshe, suna ta murɗawa da iyakar ƙarfinsu ko da yake ba ya yin komai, domin ba su da tabbacin cewa babu ɗan sauran amfani a cikinsa.

Ashe shi Fitch ya taɓa zama ya yi tunanin irin wannan rana. Shekara huɗu kafin nan, ran 12 ga Agusta, 1985, wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya rasa man haidurolik ɗinsa duka jim kaɗan bayan tashi daga Tokiyo, saboda wani gyara da aka yi masa ba daidai ba a shekarun baya. Matuƙansa sun yi minti 32 suna fama da totur kafin su faɗa kan dutse. Mutum 520 suka mutu, huɗu kawai suka tsira. Fitch ya karanta labarin, abin ya tsaya masa a rai, har ya riƙa gwada tuƙi da totur kaɗai a cikin na'urar koyon tuƙi, wadda ke kwaikwayon jirgi tana nan a ƙasa.

Jirgin nasu ba ya son juyawa sai dama, don haka suka riƙa yin da'ira suna sauka, har suka fuskanci filin jirgin wani gari mai suna Sioux City a jihar Ayowa. Suka zubar da man jirgi gwargwadon iko, suka saki tayoyi suka faɗo da nauyinsu. Da mai kula da hasumiya ya ce musu an ba su izinin sauka a kowane titi suka ga dama, sai Haynes ya yi dariya ya ce da shi, wai har sai ya tsananta ya ce lalle a kan titi? Muryar tana nan a naɗe. Mutumin da ke iya raha a irin wannan hali, hankalinsa yana jikinsa.

Titin da suka samu suka daidaita da shi tsoho ne wanda aka daina amfani da shi, motocin kashe gobara ma a kansa suke jira, sai da aka yi maza aka janye su. Amma babu yadda za su rage gudu, domin ƙyamaren da ake saukarwa don jirgi ya yi sannu-sannu wajen sauka su ma da mai suke aiki, in kuma aka rage wuta hanci zai nutse. Jirgin da ya kamata ya taɓa ƙasa da gudun kilomita 260 a awa ya zo da wajen 400, yana kuma faɗowa da sauri kusan ninki shida na yadda aka saba. Saura kaɗan su taɓa ƙasa sai lilon nan ya dawo, hanci ya sunkuya, fiffiken dama ya yi ƙasa. Fitch ya tura wuta, amma injuna ba su amsa a kan lokaci ba. Fiffiken ya daki titi, wuta ta tashi, jirgin ya kakkarye, babban ɓangarensa ya tsaya a kife cikin gonar masara. Minti 44 ke nan da fashewar injin.

Wanda ya ga hoton faɗuwar ba zai ce ko mutum ɗaya ya fita ba. Amma mutum 184 sun rayu, 112 suka rasu. Wasu da ƙafarsu suka fito daga cikin masara. Su huɗun da ke ɗakin tuƙi an yi fiye da rabin awa kafin a gane cewa tarin ƙarfen da ke gefe guda shi ne ɗakin, kuma suna ciki da ransu, da munanan raunuka. An kuma yi dace: faɗuwar ta zo daidai lokacin canjin ma'aikata a asibitocin garin, masu tashi ba su tafi ba masu karɓa sun iso, kuma shekara biyu kafin nan garin ya yi atisayen irin wannan haɗari a filin. Faifan da ya jawo abin kuwa sai bayan wata uku wata manomiya ta ci karo da shi a gonarta tana girbi.

Masu bincike sun sa ƙwararrun matuƙa a na'urar koyon tuƙi, suka ba su irin wannan matsala, aka ga ba abu ne da za a iya koya wa mutum ya riƙa yi yana sauka lafiya ba. Abin da aka yi shi ne aka sa wa irin waɗannan jirage wata 'yar na'ura mai toshe bututu in mai ya fara zuba, don kada ya ƙare duka, aka kuma tsananta duba ƙarfen injuna. Sai a shekarar 2003 aka samu waɗanda suka kai babban jirgi ƙasa lafiya ta wannan hanya: ran 22 ga Nuwamba aka harbi wani Airbus A300 na ɗaukar kaya na kamfanin DHL da makami mai linzami bayan ya tashi daga Bagadaza, fiffiken hagu ya kama wuta, mai ya tsiyaye, mutum ukun da ke ciki suka juyo da shi da totur kaɗai suka sauka. Ya sauka daga titi ya shiga rairayi, amma duk suka fito da ƙafarsu.

Haynes ya rayu har 2019, kuma ya yi shekaru yana yawo yana ba da labarin ranar. Bai taɓa yarda a kira shi jarumi ba. Abin da ya fi nanatawa shi ne, in aka haɗa shekarun aikin su huɗun za a samu shekara 103, amma babu wanda ya taɓa yin ko minti ɗaya na irin wannan tuƙi a sama, to don me zai ɗauka shi ya fi sauran sani? Wannan tunani ba daga sama ya faɗo masa ba. A ƙarshen 1978 wani jirgin kamfanin nasu ya faɗi a garin Fotland saboda mai ya ƙare, kyaftin ya shagala da matsalar taya, na ƙasa da shi sun ga mai yana ƙarewa amma ba su faɗa masa da ƙarfin da zai ji ba. Daga nan kamfanin ya fara koya wa matuƙansa cewa wajibi ne ƙarami ya yi magana, wajibi ne babba ya saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu bari mu dawo gida, domin akwai wani labarin da ya faru a ƙofarmu, wanda shi ne kishiyar wannan. Da yawa daga cikin masu karatu za su tuna daren 5 ga Mayu, 2007, lokacin da jirgin Kenya Airways mai lamba 507 ya ɓace bayan tashi daga Duwala. Daga Abijan ya zo, zai wuce Nairobi, da mutum 114. Boeing 737 ne sabo fil, bai fi wata shida da fara aiki ba. Injunansa lafiya, mansa cike, sitiyari yana amsawa. An yi ruwa da iska a daren, suka jira wajen awa guda, sa'an nan suka tashi jim kaɗan bayan sha biyun dare.

Rahoton da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Kamaru ta fitar a 2010 ya bayyana abin da ya biyo baya. Jirgin yana da 'yar ɗabi'ar karkata dama, kyaftin yana gyara shi da hannu. Da suka kai wajen ƙafa 1,000 sai ya saki sitiyari, jim kaɗan kuma ya ba da umarnin a kunna na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta. Na'urar ba ta kama ba, kuma babu wanda ya duba ya tabbatar. Daƙiƙa 55 cur babu mai tuƙa jirgin nan, ba mutum ba na'ura. Yana ta karkata dama kaɗan-kaɗan.

Mai karatu zai ce, to ba su ji a jikinsu ba? Ba za su ji ba. Abin da ke gaya wa mutum cewa ya karkata yana cikin kunnensa ne, kuma in karkatar ta zo a hankali ba ya kama ta. Da rana ido zai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ya gyara. Amma cikin dare da hadari, a saman fadama inda babu ko fitila ɗaya, jiki ƙarya yake yi wa mai shi. Saboda haka ne aka sa wani agogo a gaban kowane matuƙi mai nuna yadda fukafukai suke, ake kuma horar da su cewa in jikinka da agogo suka saɓa, ka bi agogo.

Da karkatar ta kai digiri 34 sai na'urar gargaɗi ta yi magana. Kyaftin ya cafki sitiyari a firgice, ya murɗa dama, wajen da jirgin ke faɗawa, ya dawo hagu, ya sake komawa dama. Mataimakinsa ya fara ce masa dama, sa'an nan ya gyara ya yi ta cewa hagu, amma lokaci ya ƙure. Karkatar ta kai digiri 115, watau jirgin ya wuce tsayuwa a kan fiffike ɗaya ya fara kifewa, hanci ya nufi ƙasa. Abin da ake bukata tun farko bai wuce a dubi agogo a murɗa hagu a hankali ba.

Kyaftin ɗin ɗan shekara 52 ne mai awa fiye da 8,000, mataimakin kuwa yaro ne ɗan shekara 23 da bai cika awa 1,000 ba. Rahoton ya ambaci cewa kyaftin mutum ne mai zafi da nuna isa, kuma a tafiyarsu daga Abijan ya riƙa yi wa yaron faɗa, abin da ya sa ya kama bakinsa. Ba na kawo wannan don in ci naman mamaci ba, Allah Ya sani. Na kawo shi ne domin abin ya taɓa ni. Mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma duk wanda ya yi yaron mota ya san ranar da ya hango rami maigidansa bai gani ba, ya tsaya yana tunanin yadda zai faɗa ba tare da an zage shi ba. Da na gaya wa abokina direba wannan sai ya yi shiru, can ya ce shi ma ya sha korar yara saboda sun ce masa ya rage gudu.

Ba a samu wanda ya tsira ba a jirgin Duwala, kuma da yawa daga cikin mamatan 'yan Kamaru ne. Da gari ya waye aka bazama nema can kudu, wajen Kiribi da Lolodof, fiye da kilomita ɗari daga inda ya tashi, domin babu wanda ya zaci sabon jirgi zai faɗi tun bai yi nisa ba. Sai da aka kusa kwana biyu kafin a gano shi nutse cikin taɓon fadamar Mbanga Pongo, kilomita biyar da ɗoriya daga ƙarshen titin filin jirgin Duwala. Tafiyar tasa duka ba ta cika minti biyu ba.